Agogonsa a Hannuna, Kwamfutata a Hannunsa

Masu cewa na yi dace, ku matso gaba, yau da ku zan fara. Tun ranar da na saka hoton agogon nan a hannuna kuka cika min waya da saƙonni: "Allah Ya ba mu irin naki," "wannan ai miji ne ba saurayi ba," wata ma ba kunya ta tambaye ni ko yana da ƙani. To yau zan buɗe muku cikin agogon. In kun gama karantawa, mai son ƙanin nasa ta ɗaga hannu in gan ta.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har mai shagon bakin layi. Mu biyu Mama ta haifa, ni da Yayata. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tana gidan mijinta, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ba ta leƙo mu ba. Babanmu magini ne, ya rasu ina sakandare, faɗowa ya yi daga saman wani gini da suke yi. Ni kuma da na tashi, duk karatun duniyar nan ban ga wanda ya yi min ba sai zanen gine-gine. Mama ba ta taɓa cewa kar in yi ba, amma kuma ba ta taɓa kallon zanena sau biyu ba. Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ofis a saman bene, inda fanka ke kwashe mana takardu in muka kunna, zafi ya dafa mu in muka kashe.

Shi kuma mai nemana, a nan Malam Natsuwa nake kiransa. Harkar kwamfuta yake yi a wani kamfani. Ban taɓa jin muryarsa ta wuce ta mai gaida marar lafiya ba. In ya zo gidanmu sai ya kwance igiyar takalminsa a nutse, ya jera su a bakin ƙofa kamar za a ɗauke su hoto. Shi ya gyara wa Mama wayarta, shi ya koya mata kiran bidiyo, shi ya san ranar da maganin hawan jininta zai ƙare. Mama kam in ana maganarsa har wani gyara zama take yi. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ina sonsa. Ku riƙe wannan, don kar gaba ku ce dama can neman hanyar gudu nake yi.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata kalmar sirrin kwamfutata, cikin wasa. Wai masoya ba sa kulle wa juna ƙofa. Na ce masa ai ko Yayata da muka sha nono ɗaya ba ta da makullin durowata. Ya yi murmushin nan nasa, ya ce haka ne, kuma bai sake tayar da zancen ba. Har na ƙara masa maki a zuciyata, ni sarkin wauta.

Bayan 'yan makonni sai ga shi da ƙaramin kwali. Agogon zamani ne, baƙar fuska, madauri ruwan toka mai laushi, kamfaninsu ɗaya da laftof ɗina. Ya ce ya lura kullum sai na yi ta danne-danne kafin in shiga aikina, to an wuce wannan zamanin. In dai agogon na ɗaure a hannuna kuma ina kusa, ɗaga murfin kawai zan yi ta buɗe da kanta. In na cire shi kuwa, shi ma ya kulle, ba ya buɗe wa kowa komai. Da aka zo wurin haɗa su, kwamfutar ta nemi in saka kalmar sirrina sau ɗaya. Kafin ma in kare da hannu, shi da kansa ya juyar da fuskarsa bango. Mama na kan kujera ta ce, "Kin ga ɗan mutunci ko?"

Kuma abin ya yi min daɗi, ba zan ɓoye ba. In ɗaga murfi, in ji ɗan motsi a wuyan hannuna kamar an taɓa ni da yatsa, sai ga zanena a buɗe. A ofis har yanga nake yi da shi. Matsalar ita ce agogon nan komai sai ya motsa. Saƙo ya shigo, ya motsa. Na daɗe a zaune, ya motsa wai in miƙe. Wani lokaci ma wai in ja numfashi, kamar da can da iznin wa nake ja. Ba a jima ba na daina kallonsa, ya yi ta motsinsa ina harkar gabana.

To ana nan sai Madam, shugabar ofishinmu, ta samo wani babban aiki a wani gari, gini mai hawa da yawa, kuma za ta tura mutum ɗaya ya yi shekara a wurin. Ba zaman tebur ba ne, tsayuwa ce a kan gini da hular kwano, kana ganin layin da ka ja a takarda yana zama bango. Maza huɗu ne a ofis ɗin, amma ni ta zaɓa. Ranar a banɗaki na yi kukan murnata don kar su gani. Da na faɗa a gida, Mama ta daɗe tana kallon talabijin ɗin da ba a kunna ba, sannan ta ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri. Malam Natsuwa kuwa cewa ya yi, "Za mu duba." "Za mu" ɗin nan ba ta yi min ba, amma na bar ta ta wuce.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce Madam ta aiko a kira ni. Mace ce da ba ta san kwana-kwana ba, gilashinta kullum a kan hanci, ba ta ce in zauna ba. Juyo min da allon kwamfutarta kawai ta yi ta ce in karanta. Imel ne daga akwatina, da sunana a ƙasa:

"Barka da yamma, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Bayan shawara da iyalina, ina mai ba da haƙuri cewa ba zan samu damar karɓar wannan aiki ba. Na gode ƙwarai da karamcinki."

Na karanta, na sake karantawa. Na rantse mata ban rubuta ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ta riƙe shi kwanaki tana kallona ko zan ce wani abu. Wai tun da na fara aiki a wurinta ban taɓa tambayar lafiyarta a imel ba, "ga zanen" kawai nake rubutawa in aika kamar mai jifa. Da a ce da bakin rashin kunyata aka rubuta, da tuni ta ba wani.

Har na fara sauke ajiyar zuciya, sai ta cire gilashin.

"Kar ki yi murna tukuna. Ba zan tura mutum kan gini ya kula da rayukan ma'aikata ba alhali akwatin imel ɗinsa ma ya gagare shi riƙewa. Ki je ki gano ta inda ruwa ke shigar miki. In na zo ranar Litinin ban ga amsarki da hannunki ba, zan ba wani."

Na koma teburina ina jin kunnuwana na zafi. Na duba wurin saƙonnin da aka aika, babu. Na duba kwandon shara, an share tas. Imel ɗin ofis ba ya kan wayata, dokar Madam ce, a laftof kaɗai yake. Kalmar sirrina kuma ko a mafarki ban taɓa furta ta ba. Abu ɗaya na samu a kwafin Madam, lokacin da aka aika: Asabar da yamma.

Asabar da yamma ina gida. Malam Natsuwa ya zo, mun sha shayi a falo, laftof ɗina na kan teburin cin abinci tana caji, don soket ɗin ɗakina ya ƙone tun bara. Sai Mama ta ce in kwashe kofuna in wanke. Ni fa in kaina ya kulle ba na iya tunani sai da fensir, don haka na ja takarda na fara zana gidanmu daga sama, yadda nake zana na mutane. Ga falo, ga teburin a kusurwa. Ga kicin, ga wurin wanke-wanke. Na ɗiga alama inda kwamfutar take, na ɗiga inda nake tsayawa in ina wanke kofi. Sai na ga alamun biyu sun kusa taɓa juna.

In ka bi ta ƙofa, tsakanin teburin da kicin tafiya ce, sai ka zaga ta baranda. Amma a takarda bango ɗaya ne ya raba su, kuma a bangon akwai wata 'yar taga da Baba ya fasa da hannunsa don Mama ta riƙa miƙo abinci ba sai ta zago ba. Tun da ya rasu aka rufe ta da katako, aka rataya kalanda a kai, muka manta da ita. Katako ne siriri, ko tari ka yi ana ji. Ashe duk lokacin da na tsaya wanke kofi, hannuna na dab da kwamfutata, ni ce dai ba na ganinta. Sai na tuna motsin nan a ƙarƙashin hannun rigata, hannuwana cikin kumfa, ina cewa a raina wannan agogo da iyayi yake, wa ya ce masa a zaune nake.

Ban yarda da takarda kaɗai ba. Washegari Juma'a, da Mama ta tafi karɓo magani, Yayata ta shigo da kayan aikinta a jiki, farar riga da takalmin roba, tana mitar ƙafarta. Na ce ta zauna a teburin, in na ƙwanƙwasa katako ta ɗaga murfin kwamfutar. Ta ce ita ta gaji da wasannina na 'yan boko, amma ta zauna. Na zaga kicin, na kunna famfo, na ƙwanƙwasa. Agogon ya motsa. Daga bayan katakon na ji ta tana dariya tana cewa ga shi ta buɗe, wallahi kamar tsafi. Sai kuma dariyar ta yanke.

Da na zago na same ta ta dafe haɓa. Na ba ta labarin imel ɗin. Can ta ce, a hankali, ita ma ta yi mamakin yadda kwanan nan Mama ta tsiri son sa ni wanke kofuna. In dai mutumina ya zo, har na baƙi da ke cikin kabad, waɗanda ba a taɓa ba, sai ta ce sun yi ƙura a haɗa da su. Wannan ne ya fi yi min ciwo, jama'a. Na shirya jin haushinsa, ban shirya jin na Mama ba. Da ɗan gari akan ci gari, na sani, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ɗan garin uwata ce ba.

Yayata ta fara aikinta na babbar yaya. Wai in bi a hankali, Mama ce. Mutumin nan ba shi da wani aibu sai wannan. Na ce sai wannan? Kamar likita ya ce marar lafiya ba abin da ke damunsa sai numfashi da ba ya yi. Ta harare ni, sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa min ba.

"Ke kina makaranta ranar da aka kawo Baba. Ni ina nan. Mama ce ta cire masa takalmin aiki da hannunta, siminti bai ma bushe a jiki ba. Kina tunanin za ta iya kallonki da hular kwano?"

Maganar ta shige ni. Na ji tausayin Mama har idona ya ciko. Amma tausayi daban, a mayar da ni makullin ƙofar kaina daban. Na ce wa Yayata kar ta faɗa wa kowa komai. Da ta tafi na ɗauko man keken ɗinkin Mama na ɗiɗɗiga a sakatar tagar nan ta cikin kicin, na yi ta motsa ta har ta saki, sannan na mayar yadda take.

Ranar Asabar muna cin abincin rana na yar da magana kamar ba komai. Na ce Madam ta ce za ta turo min wani imel yau game da aikin can, ban san ko na mene ne ba, sai dare zan duba. Cokalin Mama ya tsaya a hanya, sannan ya ƙarasa. Da muka gama ta shige ɗaki da wayarta ta turo ƙofa. Ba a daɗe ba tawa wayar ta yi ƙara.

"Gimbiya, zan leƙo da yamma. Na yi kewarki." Da jar zuciya a ƙarshe.

Na rubuta masa, "Allah Ya kawo ka lafiya." Har da tawa zuciyar na saka, don in za a yi wasa a yi shi da kyau.

Na yi wanka na saka doguwar rigata kore mai duhu, wadda ya taɓa cewa tana yi min kyau, na ɗaura ɗankwali ruwan madara, na zizara kwalli, na fesa turaren da shi ya saya min. Hannun rigar na naɗe shi zuwa gwiwar hannu, yau ina son in ga fuskar agogon da idona. Na ajiye laftof a inda ta saba zama, na jona caji, na rufe murfin.

Ya iso da farar riga mai guga kamar takarda, da ledar lemo a hannu don Mama. Ya kwance takalmi, ya jera. Ya tambayi jikin Mama, ya tambayi ƙafar Yayata, ya tambaye ni aiki. Na zuba masa shayi, madara kaɗan, sukari cokali ɗaya, yadda yake so. Muka yi hirar tsadar kaya da ta maƙwabcinmu da ya sayi janareto mai kukan jirgi. Ina kallon Mama ta gefen ido, ta kasa zama wuri ɗaya, sai gyara labule take yi.

"Auta, kwashe kofunan nan ki wanke. Ki haɗa da na cikin kabad, sun yi ƙura."

Na ce to, Mama. Na jera su a tire, na zaga ta baranda, na shiga kicin, na kunna famfo.

Zan faɗa muku gaskiya, a tsayen nan addu'a nake yi kar ya motsa. Na fi son a ce ni ce mai mugun zato, in je in ba Madam haƙuri in ce ban gano ba, in rasa aikin ma, da a ce abin da na zana a takarda gaskiya ne. Na wanke kofi ɗaya, na wanke na biyu, ina jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa ta cikin katako. Har na fara cewa alhamdulillahi. Sai na ji ɗan taɓin nan a wuyan hannuna. Na duba, ga rubutu ƙarara a fuskar agogon cewa ya buɗe kwamfutata.

Ban zaga ba. Hannuna da kumfa na zare sakatar na tura katakon, kalandar ta faɗi a kan teburin. Ga Malam Natsuwa zaune a kujerata, yatsunsa a kan madannai, akwatin imel ɗina a buɗe, fuskarsa da tawa ba nisa. Ga Mama a tsaye a bayansa, ta juya tana gadin ƙofar baranda, ta inda take zaton zan fito.

Na ce, "Sannu da aiki."

Rana dubu ta ɓarawo. Mama ta dafe ƙirji ta kira sunan Allah. Shi kuwa, ku ji ƙarfin hali, ko firgita bai yi sosai ba. Ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a cinya, ya ce in kwantar da hankalina, ba abin da nake tunani ba ne. Wai ya san ni da kunya, ba zan iya kallon idon Madam in ce a'a ba, shi ya sa ya ɗauke min nauyin. Wai shekara guda a wani gari ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da ke shirin gina gida. Duk wannan da muryar nan tasa mai sanyi, kamar yana karanta min takardar magani.

Na tambaye shi yaushe na ce masa a'a nake son cewa. Ya ce ai wani abin ba sai an faɗa ba.

"Ni na sa shi," in ji Mama. "In faɗa za ki yi, da ni za ki yi."

Na ɓalle madaurin agogon, na ɗora shi a tire tsakanin jiƙaƙƙun kofuna, na miƙa ta tagar kamar yadda Mama ke miƙo wa Baba abinci. Dole ya karɓa, don in bai karɓa ba a cinyarsa zai sauka. Sannan na goge hannuna, na zaga, na shigo falo ta ƙofa kamar mutum. Na rufe murfin laftof ɗin, na sake ɗagawa. Ta tsaya cak tana neman kalmar sirri.

Na ce, "Bismillah, buɗe."

Ya kalli allon, ya kalli tiren da ke hannunsa. Na ce to tashi min a kujera. Ya tashi.

Na zauna, na kare madannan da hannun hagu kamar yadda na so yi ranar farko, na rubuta. Akwatin kalmar sirrin ya girgiza, ba daidai ba. Wata da watanni ban rubuta kalmar nan ba, agogo ya sangarta ni, yatsuna sun yi lalaci. Na sake, ya sake girgiza. Kun san irin kunyar da ke kama mutum in ya gama cika baki sannan ƙofar gidansa ta ƙi buɗuwa? Zufa ta karyo min a ƙarƙashin ɗankwali. Sai na ji shi a saman kaina, a tausashe:

"Kin gani? Mayar da agogon kawai, Gimbiya. Ba sai kin wahalar da kanki ba."

Wallahi da bai yi maganar nan ba, wataƙila da na rikice gaba ɗaya. Ita ta tsayar min da zuciya. Na rufe ido na daina tunani, na bar yatsun su tuna da kansu. Akwai sunan da Baba ke kirana da shi in na bi shi wurin aiki ina riƙe masa igiyar awo, shi ne a ciki, da wasu 'yan ƙare-ƙare. Ba zan faɗa muku ba, ku ma ban yarda da ku ba yanzu. Na danna, ta buɗe.

Na buɗe sabon saƙo zuwa ga Madam. Ban tambayi lafiyarta ba. Na rubuta: "Na karɓi aikin. Na gano ta inda ruwa ke shiga, na toshe." Na kai yatsa kan wurin aikawa, sai Mama ta dafa teburin. Zoben azurfarta ya ƙwanƙwasa katako.

"Auta, gini ya ci min mutum ɗaya."

"Na sani, Mama. Da kin faɗa min haka da bakinki."

"Da na faɗa, za ki fasa?"

"Ba zan fasa ba. Amma da mun yi kukanmu tare, ni da ke. Yanzu ga shi kin sa ko kofi kika ce in wanke miki sai na waiga."

Ta ɗauke hannunta daga teburin. Na aika. Ƙarar tafiyar saƙon ta fito a falon da ba mai motsi, kuma ban ji daɗin da na zata zan ji ba, amma ko kaɗan ban yi nadama ba.

Mama ta karɓi tiren daga hannunsa ba ta kalle shi ba, ta ɗauke agogon ta ajiye a teburin, ta fita da kofunan. Malam Natsuwa ya gyara wuyan rigarsa, ya ce yau raina a ɓace yake, zai ba ni lokaci in huce, agogon kuma nawa ne, kyauta ba ta komawa. Na ce ya bar shi nan, Mama na neman abin da zai riƙa tuna mata lokacin shan magani. Ya yi sallama ya nufi baranda wurin takalminsa.

Na bi Mama kicin. Tana tsaye a inda nake tsayawa, tana wanke kofin da na riga na wanke, ruwa na zuba, tagar Baba a buɗe a gabanta. Na tsaya a gefenta na ɗauki tsumma ina gogewa. Ba ta kore ni ba. Idonta ya yi ja, amma ba ta yi kuka ba, Mama ba ta kuka a gaban mutum. Mun goge kofuna da yawa kafin ta yi magana, kuma ba ta juyo ba.

"Saƙo ɗaya na ce ya rubuta. Ɗaya tak. Amma ranar nan na ga ya ciro wani ɗan abu daga aljihun rigarsa, kamar ɗan yatsa, ya soka a gefen kwamfutar, ya daɗe yana jira. Na tambaye shi, ya ce gyara ne. Yau ma na ga abin a aljihunsa."

Filas ne, ɗan abin da ake kwafe duk abin da ke cikin kwamfuta da shi. Zanen ofishinmu gaba ɗaya na cikin kwamfutar nan, da hotunana, da hirarrakina da ƙawayena, da duk abin da na taɓa rubutawa ban aika ba.

Na ajiye tsumman. Allah Ya taimake ni da mutum mai natsuwa, don da irin masu zura silifas ne da tuni ya kai titi. Na same shi a baranda a durƙushe, ya gama ɗaure takalmi ɗaya yana daidaita igiyar na biyu. Na wuce ta gabansa zuwa ƙofar gida, na murza makulli, na zare, na jefa shi cikin aljihun rigata. Ya ɗago yana min murmushi, yana zaton rakiya na fito.

Na miƙa masa tafin hannuna.

"Malam, bar igiyar nan tukuna. Juye min aljihunka."